Kuɗin 401(k) bayan ritaya: ina za a kai su, nawa haraji zai ci, wa zai gada?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci a Buronks, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, wani dattijo da muke kira Kawu ya jawo ni gefe, ya zaro wani ambulan daga aljihun jallabiyarsa duk ya lanƙwashe, yace "ɗana duba min nan, mutanen nan sun cuce ni." Shekara 23 yayi yana aiki a wani asibiti, ya ajiye aiki yana da shekara 66, asusunsa na ritaya akwai dala 150,000 a ciki, ya buga waya yace a turo masa kuɗinsa, sai ga cak na dala 120,000. Ina 30,000? Nace Kawu babu wanda ya cuce ka, doka ce, amma yaushe aka baka wannan takardar? Yace ai an kusa wata ɗaya. Nan gabana ya faɗi, don saura masa kwana talatin da 'yan kai wa'adin gyara lamarin ya cika.

Toh bari mu warware maganar daga tushe, don mutanenmu da suka shigo Amurka a shekarun 1980 da 1990, 'yan Kumasi da Akara da Yamai da Kano, yanzu ne suke ta yin ritaya, kuma da yawa basu taɓa buɗe takardun da ake turo musu duk wata uku ba.

Shi 401(k) ba sunan wani banki bane, lambar wani sashe ne a dokar harajin Amurka da aka saka a 1978. Kana aiki ana yankar wani abu daga albashinka kafin a cire haraji ana zubawa a asusu, wani lokacin kamfani ma ya ƙara maka nasa. Masu aikin makarantu da asibitocin da ba na neman riba ba nasu 403(b) ake ce masa, ma'aikatan jiha da na birni suna da 457(b), na gwamnatin tarayya TSP. Wanda ya san tsarin fansho na Najeriya, wato RSA ɗin da PFA ke riƙewa, toh kusan ɗan uwansa ne, sai dai nan an sakar maka mara sosai, kuma sakin marar nan shine yake kai mutane ya baro. Abinda ya kamata ka riƙe shine kuɗin da kake gani a takarda ba naka bane duka. Gwamnati bata yafe harajin ba, jinkirta maka tayi, tana nan tana jiranka a bakin ƙofa, duk dalar da ta fito sai an lissafa ta a matsayin kuɗin shigarka na wannan shekarar.

In ka ajiye aiki hanyoyi kusan huɗu ne. Ka barsu inda suke, in sun haura dala 7,000 ba za a kore ka ba. Ko ka kwashe su zuwa asusun ritaya na ƙashin kanka da ake kira IRA, wannan ƙaurar ce Bature yake cewa rol'oba. Ko in ka samu wani aikin ka mayar dasu tsarin sabon wurin. Ko kuma kace a baka abinka a hannu, wanda shine mafi tsada, kuma shine wanda zuciya tafi so, musamman in ginin gida ya tsaya a linta shekara biyar ana jiran kwano.

Dalilin tsadar shine harajin tarayya hawa-hawa ne, kashi 10, 12, 22, 24, har zuwa 37. Wanda yake ɗiban dala dubu ashirin a shekara zai iya zama a matakin ƙasa, wani ma kusan babu abinda zai biya. Amma ka kwaso 150,000 a shekara ɗaya, ka tura kanka matakin 22 ko 24 kenan, ga harajin jiha, in a birnin Niyok kake ga na birni, sannan kuɗin Social Security ɗinka, wato fanshon gwamnatin tarayya, shi ma har kashi 85 nasa zai iya shiga cikin abinda ake wa haraji, bayan shekara biyu kuma kaga kuɗin Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, da ake yankar maka ya tashi don su shekara biyu baya suke dubawa. Duk a dalilin waya ɗaya da ka buga.

Mu koma kan Kawu. Ƙaurar nan iri biyu ce kuma bambancinsu a sunan da aka rubuta a kan cak ne kawai. In an rubuta sunan kamfanin da ka buɗe IRA a wurinsu, aka ƙara haruffan FBO sannan sunanka, ma'ana don amfanin wane, toh babu ko sisi da za a riƙe, ko da a akwatin gidanka postman ya jefa shi kai ka kai musu da hannunka. In kuwa sunanka aka rubuta kai tsaye, dole ne su riƙe kashi 20 su aika wa hukumar harajin tarayya ta IRS, ba ganin damarsu bane. Daga ranar da kuɗin suka shigo hannunka kana da kwana 60 ka zuba su a IRA. Ga inda gizo ke saƙar: in kana so a ɗauka baka ci komai ba, sai ka zuba 150,000 ɗin cif, wato ka nemo 30,000 daga aljihunka ka cike giɓin, sai shekara ta zagayo ka cike takardun haraji su dawo maka da abinda suka riƙe. In 120,000 kawai ka zuba, ragowar 30,000 an ɗauka ka cire ka ci, za a yi musu haraji. In kwana 60 suka wuce baka zuba komai ba, duka 150,000 sun zama kuɗin shiga. Akwai wasu uzurai da ake karɓa kamar rashin lafiya mai tsanani ko kuskuren kamfani, amma "na tafi gida biki na manta" baya ciki. Wani abu kuma, tsakanin IRA da IRA irin wannan karɓa-ka-mayar ɗin sau ɗaya aka yarda a cikin wata 12, amma turawa kai tsaye daga kamfani zuwa kamfani ko sau nawa ne babu laifi. Ni dai shawarata kada kuɗin nan su taɓa sunanka ko asusun bankinka, shikenan.

Sannan ba kowa ne ya kamata ya kwashe ba, wannan masu talla ba zasu gaya maka ba don a kwashewar suke cin abinci. Wanda bai kai shekara 59 da rabi ba in ya ciri kuɗi daga IRA akwai tarar kashi 10 a kan harajin. Amma in ka bar aiki a shekarar da ka cika 55 ko bayanta, 401(k) na wannan wurin aikin zaka iya ɗiba babu tara. Ka kwashe zuwa IRA kana ɗan 57, ka rufe wa kanka wannan ƙofar da hannunka. Masu 457(b) na gwamnati su ma haka, nasu babu tarar da zarar sun bar aiki, su kai IRA su jawo ta. Wanda yake da hannun jarin kamfaninsa a cikin asusun shima ya dakata, akwai wata rangwamen haraji da ake kira NUA wadda take ɓacewa in an kwashe. Wanda ya ci bashi daga 401(k) bai gama biya ba, ragowar bashin za a lissafa shi kamar ya cira, sai dai in ya nemo kuɗin ya zuba a IRA kafin wa'adin cike takardun harajin wannan shekarar. Ta fuskar masu bin bashi kuma, 401(k) yana ƙarƙashin dokar ERISA ta 1974 wadda katangarta tafi tsawo, IRA kuwa in ba a kotun fatara ba, kariyarsa ta danganta da jihar da kake.

Amfanin IRA fa? Zaɓi. A 401(k) abinda kamfani ya jera maka shi zaka ci, 'yan asusai ashirin ko ƙasa da haka, kuma da wuya ka samu wanda babu bankunan ruwa da giya da caca a ciki. A IRA zaka iya sayen na halal, akwai asusun Amana da suka fara tun 1986, akwai SPUS, akwai HLAL. Wannan kaɗai yasa musulmi da yawa suke kwashewa kuma ban ga laifinsu ba. Ga wanda yayi aiki wuri huɗu kuma yana da asusu huɗu, haɗe su wuri guda rahama ce ga iyalinsa. Sai dai a kula da masu sanye da kwat da suke zuwa da murmushi. Kashi 1 a shekara kamar ba komai ba, amma a kan dala 200,000 dala 2,000 ce duk shekara, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. Wasu kuma inshorar anuwiti zasu tura ka, wato ka miƙa wa kamfanin inshora kuɗinka ya riƙa biyanka kaɗan-kaɗan, wadda in ka so fita a shekarun farko sai an yanke ka. Ka tambaye shi ƙarara, Malam nawa kake samu in na sa hannu? In ya fara kame-kame ka tashi.

Gwamnati kuma ba zata jira ka har abada ba. Akwai shekarun da dole ka fara cira ko kana buƙata ko baka buƙata, RMD suke ce masa. Waɗanda aka haifa daga 1951 zuwa 1959 a shekara 73 ne, daga 1960 zuwa sama 75. Lissafin ba wuya, a shekara 73 ana raba abinda ke asusun a ƙarshen shekarar da ta wuce da 26.5, wato mai dala 265,000 zai ciri 10,000. Ka manta, tarar kashi 25 na abinda ya kamata ka cira, in ka gyara da wuri ta sauko 10, da can ma 50 ce. Na farkon an yarda ka ɗaga shi zuwa 1 ga Afrilun shekara mai zuwa, amma kaga ka haɗa biyu a shekara ɗaya kenan. Kuma in ka riga ka kai shekarun, sai ka fara cire na wannan shekarar kafin ka kwashe sauran, shi ba a yi masa ƙaura. Mu da yawa shekarun fasfo daban na gaskiya daban, toh su na takarda suka sani.

Tsakanin ranar ritaya da ranar da RMD zai fara akwai wasu shekaru da kuɗin shigar mutum yake ƙasa, nan ne masu wayo suke juya wani kaso kaɗan-kaɗan zuwa wani nau'in IRA da ake kira Roth. Ka biya harajin yanzu a mataki mai sauƙi, daga nan abinda ya haifa babu haraji in an cika sharuɗɗa, babu cirar dole a rayuwarka, magada ma su karɓa a wanke. Amma tun 2018 in ka juya ka juya, babu na fasa. Jiha ma tana da tasiri, Niyok tana yafe dala 20,000 na farko ga wanda ya wuce 59 da rabi, Tekzas da Fulorida basu da harajin kuɗin shiga sam, kuma tun 1996 dokar tarayya ta hana jihar da ka baro ta biyo ka da haraji kan kuɗin ritayarka.

Yanzu ga inda nafi so a buɗe kunne, maganar gado. Mu mun saba in mutum ya rasu a kira malamai a zauna a tabarma a lissafa a raba. Wannan kuɗin baya zuwa kan tabarma. Akwai wani fom da ka cike ranar da ka fara aiki, wataƙila a tsaye kana sauri, inda aka ce ka rubuta wanda zai karɓa in ka mutu. Wannan fom ɗin shine alƙali. Ya fi wasiyyar da lauya ya rubuta maka ƙarfi, ya fi abinda ka faɗa a gadon asibiti, kamfani ba ruwansa da taron dangi. Har Kotun Ƙolin Amurka maganar ta je a 2009: wani ma'aikacin kamfanin DuPont mai suna William Kennedy ya rabu da matarsa a 1994, a takardar saki ta yafe haƙƙinta a kuɗin, amma shi bai canza fom ba har ya mutu a 2001. Kamfani ya ɗauki kusan dala 400,000 ya ba tsohuwar matar, 'yarsa ta kai ƙara, kotu tace kamfani yayi daidai, sunan da ke takarda aka bi.

Ga kuma babban bambancin da mutane basu sani ba. A 401(k) in kana da aure, matarka ce mai kuɗin gaba ɗaya in ka rasu, ko sunan wa ka rubuta, sai dai in ita ta sa hannu ta yarda a rubuce a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, ko wakilin tsarin. A IRA babu wannan sharaɗin a yawancin jihohi, wanda ka ga dama zaka rubuta, in ka cire jihohi tara irin su Kalifoniya da Tekzas inda dukiyar da aka tara cikin aure ta ma'aurata biyu ce. Toh kaga ƙaurar nan wuƙa ce mai baki biyu. Ga wanda yake so a raba yadda addini yace, IRA ta bashi dama. Misali mutum ya bar dala 240,000, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu mata uku, iyayensa sun riga shi: mata tumuni, 30,000, kowane namiji 60,000, kowace mace 30,000. A fom sai ya rubuta kashi 12.5 ga matar, 25 ga kowane ɗa, 12.5 ga kowace 'ya, ya cika ɗari. Amma lissafin nan na yau ne, in an haihu ko an rasu ko an ƙara aure ya rushe sai an sake, kuma bashi da wasiyya suna gaba da rabo, don haka malami da lauya duka biyu ake buƙata, ɗaya baya isa. Ɗaya bakin wuƙar kuma, Hajiya ki sani, ranar da maigida ya kwashe zuwa IRA kariyar da doka ta baki ta tafi, kuma a tsare-tsare da yawa ba sai an nemi sa hannunki ba kafin a kwashe. Matar da ta shekara talatin tana aikin kula da tsofaffi tana biyan rabin haya ya kamata ta san abinda ke cikin wannan fom ɗin. Mai mata biyu kuwa, dokar nan ɗaya ta sani, wadda ke gida in ba a rubuta sunanta ba ko kwabo ba za a miƙa mata ba.

Wata dabarar da nake yawan ji itace "na rubuta sunan babban ɗana, shi zai raba wa ƙannensa." Allah sarki. A doka kuɗin nasa ne shi kaɗai, in ya riƙe babu kotun da zata karɓo. In ma ɗan kirki ne, harajin duka a kansa zai sauka a kan albashinsa, ya biya sannan ya raba, sai a fara cewa ya ci wani abu. Zumunci nawa ya lalace a haka.

Su magadan ma akwai agogo a kansu. Da, ɗa zai iya jan kuɗin a hankali tsawon rayuwarsa. Dokar SECURE ta 2019 ta rufe wannan, duk wanda ya rasu daga 2020, yawancin magada sai sun kwashe asusun tas cikin shekara 10, kuma in mamacin ya riga ya shiga shekarun cirar dole, daga 2025 sai sun riƙa cirar wani abu duk shekara ba su jira ta goma ba. An keɓe mata ko miji, da ɗan mamacin da bai kai 21 ba har ya kai, da mai naƙasa ko ciwo mai ɗorewa, da wanda mamacin bai girme shi da fiye da shekara 10 ba. Matar ita ce tafi kowa sarari, zata iya mayar da asusun nata na kanta, amma in bata kai 59 da rabi ba kuma tana buƙatar kuɗin gara ta barshi da sunan gado, don a nan babu tarar kashi 10. 'Ya'ya kuwa su kiyaye, su basu da kwana 60 ɗin nan, in aka rubuta cak da sunan ɗa an gama, haraji ya hau, babu mayarwa. Fom ɗin da aka bari babu suna kuma yakan jefa kuɗin cikin shari'ar gado ta kotu, wani lokacin wa'adin ya koma shekara 5.

Harajin dukiyar mamaci na tarayya ba damuwar yawancinmu bane in ɗan ƙasa ne ko mazauni, a 2025 sai da dukiya ta haura dala miliyan 13.99 ake biyansa. Amma ga tarko ga mai shirin komawa gida. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ya tattara ya koma Kumasi ko Zinder da zama na dindindin, rangwamensa dala 60,000 ne kacal a kan dukiyar da ya bari a Amurka, abinda ya haura harajinsa zai iya kaiwa kashi 40. Tun yana raye ma, in ya miƙa girin kad ɗinsa ya zama baƙo a idon IRS, duk abinda zai cira ana riƙe kashi 30, don Amurka bata da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Najeriya ko Gana ko Nijar, sai dai ya cike fom 1040-NR ya nemi a dawo masa da rarar in akwai. Haka 'ya'yan da ke gida in su ne magada, kashi 30 za a riƙe, sai sun cike W-8BEN, sun nemi lambar haraji ta ITIN in suna son bin rara. Mai fasfon Amurka shi duk inda ya je harajinsa na biye dashi kamar yana nan. Kuma kuɗin nan ba a iya yi musu ƙaura zuwa asusun fansho na gida, duk fitar da suka yi cira ce. Wasu kamfanonin ma da sun ga adireshinka ya koma waje sai su taƙaita maka asusun, don haka a tambaya tun kafin a sayi tikiti.

Kawu dai Allah ya rufa asiri. 'Yarsa nas ce ta kawo 18,000, 'yan adashinsu suka bashi ɗauka ya cike 12,000, muka buɗe IRA aka zuba 150,000 saura kwana tara wa'adi ya cika. Muna cike takardu aka zo wurin sunan magaji, nace Kawu a tsohon fom ɗin asibiti sunan wa ka sa? Yayi shiru yana murza carbi, can yace yana jin ƙaninsa ne, don lokacin bai kawo iyali ba. Ƙanin nan ya rasu tun 2011. Yace in bar wurin tukuna kada in rubuta komai, sai ya je gida sun zauna da Hajiya, ranar Asabar kuma zai ga liman.